Abin da muka tarar a ƙarƙashin fentin Fijon Malam

Da bakin makulli na fara gane akwai matsala. Wata safiya a ƙarshen damina ina goge motar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, sai tafin hannuna ya ci karo da wasu ƙuraje a madigadin baya na hagu, daidai saman taya. Sun kai bakwai ko takwas, sun jeru kamar bororon ƙuna. Na sa makulli na danna babbansu, sai ya fashe, wani jan ruwa mai kalar shayi ya gangaro a kan farin fentin. Na tsaya ina kallonsa har ya ɗiga ƙasa.

Motar Peugeot 504 ce, wadda kowa ya sani da Fijo, haɗin nan Kaduna daga masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975. Da Malam ya rasu an so a sa ta a kasuwa a raba kuɗin, Hajiya ta ce a bar mata ita, ni kuma aka ɗora mini kula da ita. Damina biyu kafin wannan safiyar wani mai Keke Napep ya goge ta a daidai wannan wurin. Na kai ta wani gareji, aka ce in kawo da safe in zo gobe da yamma in ɗauka. Haka kuwa aka yi. Ta fito tana sheƙi, ba ka ce an taɓa ta ba, na biya ina godiya. Ban tambayi yadda aka yi aikin kwana biyar a yini ɗaya da rabi ba.

Wannan karon sai na nufi wurin wani dattijo fanel bita a Tudun Wada, kusa da tsohuwar Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, wanda tun muna yara shi ke taɓa jikin motar Malam. Baba muke ce masa, shi kuma har yau "ɗan Malam" yake kirana ko da furfura ta fara fito mini. Bayan mun gaisa ya yi wa mamaci addu'a, sai ya zagaya motar sau ɗaya bai ce komai ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da mayen ƙarfe, irin na cikin tsohuwar sifika, naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti. Ya ɗora a ƙofar gaba, ya kama gam. Ya ɗora a ƙofar baya, ya kama. Ya ja shi a hankali zuwa madigadin, yana zuwa saman taya sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake ɗorawa, ya sake faɗuwa.

"Ɗan Malam, nan ba ƙarfe," in ji shi. "Gini aka yi maka."

Na roƙe shi abu ɗaya: ya bar ni in zauna a yi aikin a gabana, in kuma da hali in sa hannu. Muna hutun zango a makarantar da nake koyarwa, ina da lokaci. Ya ce ba laifi, amma in zo da tsofaffin kaya, kuma kada in tambaye shi yaushe za a gama.

Na zaci da giranda, injin gurza ƙarfe, za a fara. Sai ga yaronsa da bokiti da omo. Aka wanke gefen motar tas, aka bar shi ya bushe, sannan aka bi shi da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, a ƙyalle. Baba ya ce duk man goge mota da na shekara ina shafawa, da maiƙon hanya, da baƙin mai, suna nan kwance a kan fentin. In aka sa giranda a haka, faifan zai kwashe su ya tura cikin zanen da yake yi wa ƙarfen, daga nan ba abin da zai fito da su, kuma fila, wato abin da ake shafawa a cike lotsawar jikin mota kafin fenti, ba ta zama a kan maiƙo. Ya nuna mini yadda ake yi: ƙyalle biyu, ɗaya jiƙe da tina a hannun dama, ɗaya busasshe a hagu yana bin sawunsa tun kafin ta bushe. In ka bari ta bushe da kanta, dattin da ta narkar ya koma inda yake.

Sannan aka tada janareta aka kunna giranda. Farin fenti ya tafi, tokar firaima, shafin da ake fesawa kafin fenti, ta tafi, sai farar ƙura ta turnuƙe. Yaron yana ci yana ci, ba a ga ƙarfe ba. Da Baba ya ga abin ya ƙi ƙarewa ya ce a kashe, ya ɗauko kurfi da guduma ya sa a gefe ya buga sau biyu. Wani ɓallen fila kamar tafin hannuna ya ɓanɓaro ya faɗo. Na ɗauka na juya shi. Kaurinsa a tsakiya ya kai yatsana babba. Bayansa ja wur da tsatsa, kuma manne da shi akwai guntun takardar buhun siminti da aka cusa a rami don filar ta sami abin jingina. Har yanzu wannan ɓallen yana cikin durowata.

Abin da ke ƙasa ya fi muni. Ba a buga lotsawar ba ko kaɗan, tana nan yadda mai keke ya bar ta. Tsohon fentin ma ba a cire shi duka ba, an dai karce shi sama-sama aka yaɓa. A gindin lotsawar ƙarfen ya tsage tun ranar hatsarin, ba a yi masa walda ba. Ta wannan tsagar ruwan da taya ke watsowa yake shiga ta baya. Baba ya murtsuke guntun filar a tsakanin yatsunsa ya ce in taɓa, na ji ta da danshi kamar alli da ya kwana a waje. Fila haɗi ce ta wani danƙo na roba da garin dutse mai laushi, irin wanda ake hodar jiki da shi, kuma wannan garin yana shan ruwa ya riƙe. Wato damina biyu cur ƙarfen yana kwance a ƙarƙashin jiƙaƙƙen abu. Tsatsa kuwa in ta yi, takan fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura ta tura filar waje. Ƙurajen da na gani su ne ƙarshen labarin, ba farkonsa ba.

Ran nan na koma gida raina a ɓace. Ba kuɗin da na biya ne ya dame ni ba. Malam mutum ne da ko takalmi zai kai ɗinki sai ya tsaya ya ga zaren da za a sa.

Kwana na biyu da na uku duk a kan ƙarfe suka ƙare, ba a ko buɗe gwangwanin fila ba. Aka cire taya da fitilar baya da shimfiɗar cikin but. Aka ci gaba da gurza har sai da aka wuce tsatsar da kamar faɗin yatsu huɗu ta kowane gefe, aka kai ga ƙarfe mai haske. Baba ba ya barin giranda ta tsaya wuri ɗaya. Ƙarfen jikin mota galibi bai kai kaurin milimita ɗaya ba, in faifai ya daɗe a waje guda sai wurin ya yi zafi ya yi shuɗi ya murɗe, ko ya sirance ka ƙara wa kanka aiki. Inda tsatsa ta yi ƙananan ramuka kamar zanzana, aka bi su da buroshin waya har baƙin da ke gindinsu ya fita. Inda ta cinye kuwa, Baba ya ɗauki tsinin sukundireba yana caka: duk inda ya shige, ya zagaye da alli. Da ya gama, allin ya zana wani abu mai kama da lauje a bakin madigadin, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi. Ya ce duk wannan yankewa za a yi.

Na tambaye shi ko ba za a sa faiba ba, wato fila mai zaren gilashi a ciki, tunda na ji ana cewa ita ba ta shan ruwa. Ya ce faiba tana da wurinta, amma rami a ƙarfe da ƙarfe ake toshe shi. Muka taka zuwa Panteka muka samo tsohuwar ƙofar mota mai kaurin ƙarfe daidai da namu. Ya zana ramin a kwali, ya ɗora a ƙofar ya yanka, ya dinga lanƙwasa fallen a kan guntun bututu yana gwadawa yana komawa, har ya zauna a gurbinsa baki da baki, ba wanda ya hau kan wani.

Da waldar kabaid yake aiki, kamar yawancin garejinmu, kuma ita zafinta yana yaɗuwa da yawa. Saboda haka bai ja layi ɗaya ba. Ɗigo ɗaya a nan, ya tsallake zuwa can ƙarshe ya sa wani, ya dawo tsakiya, ya tsaya ya buga wurin da guduma a kan dunƙulen ƙarfen da yake tokarewa ta baya, ya bari ya huce. Abin da na zaci na minti goma ne ya cinye mana daga hantsi har azahar. Da ya gama aka gurje waldar ta kwanta, ya sa yaron ya shiga cikin but da tocila aka rufe shi da bargo, mu muna waje muna duba. Haske ya leƙo ta wurare uku, ƙanana kamar bakin allura. Ya sake kunna wuta ya toshe su. Ya ce ko ɗaya aka bari, shekara biyu ina nan dawowa da ƙurajena.

Bugun lotsawar shi ne abin da ya fi burge ni, kuma shi ne abin da ba zan iya koya a kwana goma ba. Ba ya fara bugu daga tsakiyar kwarmin. Daga baki yake farawa, inda ƙarfen ya yi tudu, yana zagayawa yana matsowa ciki, bugu ƙanana ƙanana kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Jifa-jifa sai ya ajiye guduma, ya shimfiɗa ƙyalle a tafin hannunsa ya shafa wurin, idonsa a rufe ko yana kallon wani waje. Ya sa ni na gwada. Da ido ban ga komai ba, da yatsa ma ban ji ba, amma da na shimfiɗa tafin duka a kan ƙyallen na ja shi da tsawo, sai ga tudu da kwari suna bayyana a hannuna. Akwai wani wuri da ƙarfen ya miƙe ya yi yawa, in ka danna sai ya yi "ɓas" ya shige, ka saki ya dawo, kamar gindin gwangwanin madara. Ya gasa tsakiyarsa da wuta daidai faɗin kwabo har ya yi ja, ya buga kewayensa da sauri, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Ƙarfen ya tsuke, motsin ya tafi. Fila a kan wurin da ke motsi tsagewa take yi, komai kyanta.

Ya ɗora miƙaƙƙiyar rula a kan aikin muka leƙa ta ƙasanta. Inda ya fi zurfi, da ƙyar tsinken ashana zai shige. Nan ya ce ya isa. Masu yin filar da kansu sukan ce kada kaurinta ya wuce milimita 6, kuma in an tsaya a 3 ya fi. Baba bai san lissafin da milimita ba, shi dai ma'auninsa ashana.

Daga nan aka shiga shirya ƙarfen, kuma a nan na yi kuskuren da ya koya mini fiye da duk bayanin da aka yi mini. Faifan giranda da buroshin waya sukan bar wasu wuraren da santsi suna walƙiya, ita kuwa fila tana son wurin da za ta sa farce ta riƙe. Sai aka ba ni samfefa mai kaushi, lamba 80, aka ce in karce ko'ina, in bi dama in bi hagu, kada in bar wuri ɗaya mai sheƙi. Bakin tsohon fentin da ya kewaye wurin kuma aka kwantar da shi da lamba 180 mai ɗan laushi, ya zama gangare maimakon gaɓa, har kana ganin zoben ƙarfe, zoben tsohuwar firaima, zoben fenti, kowanne da faɗinsa. Muka gama daf da magariba. Da zan miƙe daga tsugune sai na dafa ƙarfen da hannuna mai gumi. Ba wanda ya lura, ni ma ban ɗauke shi komai ba. Aka lulluɓe motar da tamfol muka watse.

Da safe Baba ya yaye tamfol ya kira ni. Ga hannuna nan a jikin madigadin, ja-ja-ja: yatsu huɗu, babban yatsa, da tudun tafi, har zanen fatar ana gani. Ƙarshen Oktoba ne, raɓa ba ta ɗauke ba tukuna, gishirin gumi ya haɗu da danshin dare, dare ɗaya ya isa. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini samfefa ya ce, "Ka ga abin da ya sa ba a kwana da ƙarfe tsirara. Jiya ma don dare ya yi mana ne." Na sake karce wurin gaba ɗaya, aka hure ƙurar da iskar kwamfuresa, aka bi da ƙyalle biyu, aka bar shi a rana ya ɗan ɗumama don danshin safiya ya fita. Daga wannan lokacin ba wanda ya sake taɓa shi da hannu.

Kafin a buɗe gwangwanin, ɗan Baba na biyu, wanda ya fi zama a ɓangaren fenti kuma yana yawan kallon masu wannan aiki a YouTube, ya kawo magana. Ya ce Turawa yanzu firaimar ifoksi suke fara fesawa a ƙarfe, ta bushe, a karce ta, sannan a sa fila a kai. Baba ya ce shi shekara arba'in a kan ƙarfe yake sa fila. Suka ɗan ja, cikin ladabi dai, yaron yana cewa "Haka ne, Baba, amma..." Daga baya na bi maganar na karanta abin da ke rubuce a jikin gwangwanaye da takardun masu yin kayan, sai na ga kowannensu yana da gaskiya. An yi fila ne ta zauna a kan karcaccen ƙarfe mai tsabta, kuma tana zama a kan ifoksi in an bi ƙa'ida. Ifoksin yana ƙara kariya, musamman in aikin zai ɗauki kwanaki. Abin da ba a yi shi ne ɗora fila a kan firaimar nan mai asid da ke cin ƙarfe, ko a kan jar firaima ta gwangwani, ko a kan tsohon fenti. A ganina da muna da ifoksi a hannu ran nan da na so a fesa. Ba mu da ita, sai aka yi yadda Baba ya saba. Amma ya yarda da abu ɗaya da ya fi duka muhimmanci a wurina: bayan ƙarfen, ta cikin but da ta ƙarƙashin taya, aka wanke aka gurje, aka shafa firaima da fenti, aka bi layin waldar da abin toshe kafa, daga baya aka fesa baƙin maganin ƙasan mota. Ta can ruwan ya shigo a karon farko.

Da sassafe ake haɗa fila a garejin Baba, ko bayan la'asar. Ita da hadna, maganin da ke sa ta ƙame, in sun haɗu, minti huɗu zuwa biyar kake da shi a yanayi madaidaici, in rana ta take kuwa ba ka samun haka. Ya fara juya gwangwanin da sanda har ruwan danƙon da ya taso sama ya koma ciki. Ya mulmula bututun hadnar a hannu kafin ya buɗe, don ita ma takan rabu. A kan guntun gilashin tagar mota yake haɗawa, ba a kan kwali ba, domin kwali yana tsotse danƙon. Ya ɗebo fila kamar ƙwan kaza, ya matso jar hadna kamar ƙwayar gyaɗa. Ƙa'idar ita ce kashi 2 cikin 100 bisa nauyi, ko sama da haka kaɗan. In ka rage, ba za ta bushe ciki ba, sai ta dinga cushe samfefa tana danƙo. In ka zuba da yawa don sauri, ta yi gautsi, ta yi ƙananan ramuka, kuma bayan watanni jan ya huda firaima ya fito a fenti. A farar mota irin tamu abin ba ya ɓoyuwa.

Ba ya dama ta kamar kunu. Da faifan roba yake shafe ta a kan gilashin, ya kwaso ya ninke, ya sake shafewa, ya ninke, har jan ya ɓace launin ya zama ɗaya ba zane. Juyawa tana cusa iska, iskar kuma ita ce ramukan da ke buɗewa in an zo gogewa. Shafin farko siriri ne ƙwarai, yana danna faifan da ƙarfi har kana jin ƙararsa a kan ƙarfen, don filar ta shige cikin kowane zanen samfefa. Sannan ya bi da na biyu a kai tun tana ɗanya, da sassauci, yana jan hannu ta fuska ɗaya, yana bin lanƙwasar madigadin. Sau uku ko huɗu ya ja ya ɗauke hannu. Akwai 'yan layuka da suka rage, na nuna masa. Ya ce a bar su, samfefa za ta ci. In ta fara kamawa ka koma kanta, ɓanɓaro ta za ka yi daga ƙarfen.

Ya ba ni wani ɗan wuri a ƙasan ƙofa in gwada. Na tsaya ninkewa ina son launin ya yi daidai, na tsaya gyara riƙon faifai, ina kai hannu jikin motar sai na ji ta fara yin gudaji kamar tuwon da bai tuƙu ba. Baba ya ce in zubar, kada in yi ƙoƙarin lallaɓa ta. Na taɓa ragowar da ke kan gilashin na ji ta da zafi sosai, ashe haka take yi in tana kamawa. A karo na biyu na haɗa rabin wancan, na samu ta shafu.

Bayan kamar minti ashirin da biyar ya karce gefenta da farce. Ta yi farin zane, ba ta ɗago ba. Sai guga. Ya naɗe samfefa lamba 80 a jikin wani miƙaƙƙen katako mai tsawon kamu ɗaya da rabi, wanda ya sha hannu har ya yi baƙi. Ya hana ni gogewa da tafin hannu: hannu yana bin kwari ya bi tudu, sai ka sami wuri mai santsi amma a karkace, katako kuwa tudu kawai yake ci. Kuma ba gaba da baya a layi ɗaya ba, a gicciye, daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan a juya. Ya ɗauko gwangwanin baƙin fenti ya fesa sama-sama daga nesa, ya zama kamar an barbaɗa toka. Da na goga, inda baƙin ya tafi ya daidaita, inda ya rage kwari ne. A wurare biyu ƙarfe ya leƙo yana ƙyalli a tsakiyar filar. Na so in ci gaba da gogewa, ya riƙe hannuna. Ya ce wannan tudu ne, in na ci gaba filar da ke kewaye da shi zan cinye, shi yana nan. Ya ɗauko guduma mai tsini ya ɗan taɓa su sau uku uku, suka koma ciki.

Sau uku aka shafa aka goge, kowane shafi ya fi na baya siranta da faɗi. Mafi yawan abin da aka shafa a ƙasa ya ƙare, fari fat a kan takalmanmu da gashin girarmu. Na ga a wasu garejin ana goge fila da samfefa da bokitin ruwa don ƙura ta kwanta. Baba ba ya yarda ko ɗigo ya taɓa ta, kuma bayan ɓallen da na riƙe a hannuna ban buƙaci a gaya mini dalili ba. Sai dai ƙurar nan ba abin wasa ba ce. Baba yana da wani tari da ba ya barinsa, ya ce tun suna samari ba wanda ya san takunkumi, kuma ya tarar da iyayen gidansa suna narka dalma suna cike lotsawa da ita, kafin filar roba da aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1950 ta game ko'ina. Na sayo takunkumin ƙura na raba wa yaran, na kuma sayo wa mai fenti irin mai gwangwani biyu a gefe, domin hadnar firaima da fentin zamani tana da sinadarin da ke lalata huhu, kuma ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Ranar farko sun sa. Ina roƙon Allah su ci gaba.

Da siffar ta fito, aka koma lamba 120, sannan 180, don a kashe zanen da 80 ta bari. Aka hure da iska, sai ga 'yan ramuka kamar na allura sun buɗe, goma sha wani abu. Aka bi su da fila mai laushi, ita ma mai hadna, shafi ɗaya kamar fatar albasa. Baba ya sa na rufe ido na ja tafina a kan ƙyalle daga ƙofar baya har fitila. Ya ce in gaya masa inda fenti ya ƙare, inda ƙarfe ya fara, inda fila ta fara. Na ja sau uku ban iya faɗa ba.

Ran nan aka fesa firaima, shafi uku, ana jira tsakaninsu. Ya ce a bar ta kwana biyu ta gama tsukewa, don in an yi gaggawar gogewa, zanen da ke ƙasa yakan dawo ya bayyana bayan an yi fenti. Sauran aikin na ɗansa ne: baƙin feshi, katako, lamba 320, sannan 600, aka yayyafa ruwa a ƙasan rumfar saboda ƙurar hunturu da ta fara sauka, aka fesa fari. A kwana na goma na ɗauki mota.

Kafin in tayar, Baba ya fito da mayen ƙarfensa ya miƙo mini. Na ɗora a ƙofar baya na ja shi a hankali zuwa saman taya. Ya riƙe. A daidai inda ashana ta shige na ji riƙon ya ɗan sassauta, amma bai faɗi ba, na wuce da shi har fitila. Ya kuma durƙusa ya nuna mini wasu ƙananan kafofi a ƙasan ƙofofi da gindin but waɗanda ban taɓa sanin suna nan ba, na fitar ruwa ne, duk laka ta toshe su. Ya zare tsinken tsintsiya ya zura a ɗaya, busasshiyar ƙasa ta zubo.

Damina ɗaya ta wuce tun daga nan. Duk ranar Asabar in na wanke motar nakan bi kafofin nan da tsinke, in ɗaga shimfiɗar but in haska bayan waldar da tocila. Makon jiya da na kai Hajiya Zariya gaisuwa, mun sha ruwan sama tun daga Maraban Jos. Da muka dawo na buɗe but na sa hannu a lungun, na ji shi a bushe.